Daga "Masha Allah" Zuwa "Me Ka So Mu Gani?": Nazarin Yadda Wasu Masu Sha'awar Hoto a Kano Suka Koyi Gyara Wa Juna

Asalin ƙungiyar (Oktoba 2022)

Mutum tara ne suka fara haɗuwa a gindin Dutsen Dala wata safiyar Asabar cikin Oktoban 2022, kowa da abin ɗaukar hotonsa. Huɗu na rataye da kyamara ta hannu, sauran kuwa waya ce. Babu mai cin abinci da hoto a cikinsu, sha'awa ce kawai ta haɗa su. Akwai wani tela daga Fagge, da injiniya mai aiki a wani kamfanin sadarwa, da ma'aikaciyar jinya, da ɗaliban jami'a, da wani dattijo ɗan fansho da ya fara hoto tun zamanin fim, lokacin da sai ka cika ɗauka 36 ka kai an wanke kafin ka san abin da ka ɗebo. Ni aka ba riƙon littafin ƙungiya, shi ya sa kwanaki da ƙididdigar da ke cikin wannan rubutu suke hannuna.

An tsara fita sau biyu a wata: yau Kasuwar Kurmi, gobe marinar Ƙofar Mata, wata rana Gidan Makama ko bakin ganuwa. Idan an dawo kowa ya zuba abin da ya ɗauko a zauren WhatsApp na ƙungiya. Zuwa Janairun 2023 an kai mutum 26, bakwai mata.

Telan nan shi zan fi bi, domin a kansa matsalar ta fara fitowa fili. Shekararsa 27 a lokacin. Da kuɗin ɗinkin sallah ya sayi Canon 600D mai ɗan gajeren lensi na milimita 18 zuwa 55. Yana da idon launi, irin na mutumin da ya saba haɗa zare da yadi. Zai wuce rumfa goma a Kurmi ya tsaya a inda jan kilishin sirdi ya jingina da koren bango. Amma tun da ya sayi kyamarar bai taɓa murɗa ta daga koriyar alamar nan ta otomatik ba.

Wata biyar na yabo (Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023)

A wannan tsakani an saka hotuna sama da 500 a zaure. Na koma na bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Kusan duka ba su wuce "Masha Allah" ba, ko "Allah ya ƙara basira", ko "gwani na gwanaye", sai alamar wuta da ta zuciya. Sau huɗu kacal aka ambaci wani abu da ya kamata a gyara, kuma duk huɗun daga dattijo suka fito, cikin lulluɓi irin na manya, har wanda aka yi dominsa ba lallai ya gane da shi ake ba.

Ba rashin ido ne ya jawo haka ba. A bayan fage mutane na magana. Biyu za su hau Adaidaita Sahu ɗaya bayan fita, ɗaya ya ce wa ɗaya hoton wane ya yi duhu, na wance ya karkace. Kara ce ta hana a faɗa a gaban mai shi. Wanda ya nuna maka sabuwar riga ba ka ce masa wuyan ya yi faɗi, sai dai ka ce Allah ya sanya alheri, kuma haka muka ɗauki hoto.

Hawan Daushe (Afrilu 2023)

Ƙaramar Sallah ta kama ranar Juma'a, 21 ga Afrilu. Washegari telan ya kama wuri kusa da Ƙofar Kudu tun kafin la'asar. Duk wanda ya san Hawan Daushe ya san yamma ake yinsa: Sarki ya fita ya je Babban Ɗaki gaisuwa, ya zagayo, kafin a zo jafi a Ƙofar Kudu rana ta yi sanyi, ƙurar kofato kuma ta turnuƙe sama. Kyamarar da aka bari ta yi wa kanta hukunci, idan haske ya ragu sai ta rage saurin ƙyaftawarta don ta tara haske. Tasa ta sauko har 1/60 na daƙiƙa. Doki a guje kuwa yana son 1/1000 ko kusa da haka kafin ya tsaya cak a hoto.

Ya ɗauki 430 a ranar. Ya zaɓi 12 ya saka a zaure, aka yi ta zuba masa yabo har dare. A fuskar waya, hoton da bai fi tafin hannu ba, komai ya yi kama da daidai.

Cikin hotunan akwai na wani yaro da ya hau a tawagar wani hakimi, kuma mahaifin yaron mai kawo wa telan ɗinki ne. Ya ce a wanke masa babba, inci 12 da 16, zai rataya a falo. Da aka wanke sai ga kan dokin ya zama biyu, fuskar yaron ta shafe cikin rawani kamar an goga mata yatsa. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba komai, Allah ya kai mu ta baɗi." Wannan "ba komai" ɗin ta fi faɗa zafi a wurin telan.

A fita ta gaba ya zo da hoton a naɗe, ya shimfiɗa shi a kan kujerar babur ɗinsa, ya ce, "Don girman Allah, cikinku wa ya lura da wannan tun ranar da na saka?" Aka yi tsit. Can mutum biyar suka amsa cewa sun gani. Ya ce, "Ashe kuna gani kuka bar ni na kai wa mutum."

Gwaji na farko: maki bisa goma (Mayu zuwa Yuni 2023)

Injiniya ne ya kawo shawara, kuma kowa ya karɓa da murna saboda abin da ya faru yana ran kowa. Duk hoton da aka saka za a auna shi a kan abu biyar: haske, tsari, kaifi, launi da gyaran kwamfuta, kowanne maki biyu. Aka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kada kowa ya ji haushi.

Injiniyan ya san abin da yake faɗa. Ya yi karatun hoto sosai a intanet, kuma shi ya fi kowa ba da lokaci. Cikin mako biyu ya zama kusan shi kaɗai ke ba da maki, saura na bin bayansa da "haka ne". Ga irin amsarsa, kamar yadda ya rubuta wa ma'aikaciyar jinya a kan hoton kakarta tana kaɗi a tsakar gida: "4 bisa 10. Hoton ya karkace hagu, farin bango ya ƙone, an yanke ƙafa, ba a bi ƙa'idar raba fili uku ba, kuma akwai bokiti a baya." Duk abin da ya lissafa yana cikin hoton. Ta amsa da "Na gode, Yaya", ba ta ƙara saka komai ba. Sai daga baya muka ji cewa ranar ce ta farko da tsohuwar ta fito tsakar gida ta ɗauki mazari bayan jinyar wata uku.

An kuma yi wani kuskure na daban. Wata ɗaliba mai ɗauka da waya ta yi ta faɗuwa a makin kaifi, har sai da aka duba ainihin hotunan a wayarta aka same su tangaran. WhatsApp ne ke matse hoto ya rage masa girma idan ba a tura shi a matsayin fayil ba, yana kuma goge bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, wato saurin ƙyaftawa da buɗin lensi da ISO, ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara. Zaɓin tura hoto mai inganci bai shigo manhajar ba sai Agustan shekarar. Mako shida ke nan ana hukunta yarinya a kan laifin da ba nata ba.

Kafin a fara ba da maki, hoto 25 zuwa 30 ake sakawa a mako. Makon ƙarshe na Yuni bakwai aka saka. Mata huɗu cikin bakwai sun daina sakawa, maza biyu sun fice daga zaure ba sallama.

Telan dai ya ƙaru ta wani ɓangare. A nan ya koyi murɗa kyamara daga otomatik zuwa alamar Tv ya zaɓi saurin ƙyaftawa da kansa, makinsa ya tashi daga biyar zuwa bakwai. Sai dai hotunan sun canza. Ya koma ɗaukar ƙofofin gari da gine-gine, abin da ba ya motsi, komai a miƙe a kan layi. Launukan nan na Kurmi suka ɓace daga aikinsa. Akwai hoton da ya ɗauka na mabuga a Ƙofar Mata, mutum biyu suna fuskantar juna a kan gungume, fuskokinsu garau, shuɗiyar riga na ƙyalli, sandunan bugun kuwa sun zama inuwa a iska saboda sauri. Aka ba shi uku, aka ce akwai dishi-dishi. A daren ya goge shi daga memori.

Gwaji na biyu: ɓoye suna (Yuli zuwa Agusta 2023)

Aka ce to tunda ganin ido ne ke hana wasu magana, jin kunya kuma ke hana wasu sakawa, a cire suna. Kowa ya turo mini hotonsa ni kaɗai, in saka da lamba. Aka kuma daina maki, aka ce a fara da yabo sannan a kawo gyara.

Ɓoye sunan bai ɓoye kowa ba. Mutum ashirin da 'yan kai da suka yi wata tara suna kallon aikin juna sun san hannun juna. An san wadda ke ɗauka daga saman benen gidansu a Gwammaja, an san mai son baƙi da fari. Rabin maganar sai ta koma cankar mai hoto. Yabo kafin gyara kuwa, wani ya faɗi abin da ke ran kowa: "Da na ji an ce 'amma', na san duk abin da aka faɗa kafin nan sharar fage ce."

Abin da ya kashe tsarin ya faru a tsakiyar Agusta. Na saka hoton Babban Masallacin cikin gari, hasumiya ta ɗan jirkice. Wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya zaci na abokinsa ne, ya rubuta cewa mai wannan hoton ya koma ya koyi riƙe kyamara tukuna. Na dattijo ne. Da yaron ya gane, washegari da sassafe ya je har gida ya durƙusa a zaure yana ba da haƙuri. Dattijon ya ce masa, "Tashi, ɗana, ai gaskiya ka faɗa, ya karkace." Duk da haka mako biyar yaron bai iya zuwa fita ba, kuma daga ranar matasan suka kame bakinsu daga kowane hoto, don ba wanda ya san ko na wani babba ne.

Wata safiya a Ƙofar Mata (Satumba 2023)

Mutum 11 suka zo fitar Asabar ta uku a Satumba. An yi ruwa da dare, ƙasa a jiƙe, hadari ya rufe rana, hasken ya zo da laushi. Wani marini na zaune a bakin rami yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san ƙyallen kan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka.

Telan ya ɗauka daga tsaye, ya duba bayan kyamara, ya yi tsaki. Dattijo na kusa da shi, ya miƙa hannu ya karɓa, ya cire tabarau ya daɗe yana kallo. Ina tsaye a gefensu.

"Me ya tsayar da kai a nan?"

"Hannunsa, Baba. Ku dubi yadda shuni ya kama shi har wuyan hannu, ga ƙyallen bai gama juyewa ba."

"To ni da na kalla, idona kan jarkar can rawaya ya fara sauka. Daga nan ya tafi kan yaron da ke wucewa. Sai a na uku na ga hannun."

Telan ya karɓi kyamara ya sake dubawa. Jarkar na can baya, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba a hoton, amma ita kaɗai ce rawaya a cikin duniyar shuɗi.

"Me zan yi, Baba?"

"Kai ka san abin da ka gani, ni ban sani ba sai da ka faɗa. Je ka gaishe shi, ka nemi izini, ka matsa taku uku, ka durƙusa."

Ya je ya yi wa marinin sannu da aiki, suka ɗan yi hira, ya durƙusa har gwiwar wandonsa ta jiƙe. Daga ƙasa jarkar ta ɓuya a bayan kafaɗar mutumin. Ya ɗauki shida. A na huɗu hannaye biyu sun cika hoton, ruwan rini na zuba daga ƙyallen, gefe ɗaya kore, gefe ɗaya shuɗi.

Injiniya na kallon duk abin nan. A hanyar komawa ya ce mini da shi aka nuna wa hoton farko, da aibu shida zai lissafa, kuma jarkar ce za ta zo ta ƙarshe, in ma ta zo.

Zaman tabarma (Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024)

A kan abin da ya faru a bakin ramin nan aka gina tsari na uku. Aka bar zaure don sanarwa da gaisuwa, aka mayar da gyara zama na ido da ido, Lahadin ƙarshen wata bayan la'asar, a harabar wata makaranta da ɗaya daga cikinmu ke koyarwa. Kowa hoto ɗaya zai kawo, wankakke, inci 5 da 7, ya rubuta saurin ƙyaftawa da ISO da lokacin ɗauka a bayansa. Tabarma ɗaya ba ta wuce mutum takwas. In an fi haka a shimfiɗa ta biyu.

Hoto zai zagaya hannu zuwa hannu ba magana. Sannan kowa ya faɗi inda idonsa ya fara sauka da inda ya tafi daga nan, shi ke nan, ba kyau ba muni. Bayan haka ne mai hoto zai faɗi abin da ya tsayar da shi. In abin da ya so a gani shi aka gani, an gama, sai tambayoyi. In an sami saɓani, a nan ake neman gyara, kuma ɗaya tak ake ba shi ya tafi da ita, wadda zai iya yi da abin da ke hannunsa. An hana cewa "da ka sayi lensi kaza". Wata mai zuwa ya dawo da tsohon hoton da sabon da ya sake ɗauka a ajiye su gefe da gefe.

Dattijo ne ya ƙara sharaɗin da ni a lokacin ban ga muhimmancinsa ba: ƙaramin cikin zama shi zai fara magana, a bi shekaru a hau, shi da injiniya su zo ƙarshe. Ya ce in ya riga ya yi magana, babu yaron da zai buɗe baki ya ce shi ba haka ya gani ba.

A zaman farko injiniya ya karya ƙa'ida sau biyu, ya fara jero aibu, aka tuna masa. Zuwa na uku ya zama wanda aka fi jira, domin yanzu iliminsa na zuwa ne a matsayin amsar tambaya. Wani ya kawo hoton mahaifinsa cikin farar shadda bayan sallar Juma'a: riga ta fito, fuska ta nutse cikin duhu, inuwar hula ta rufe ido. Ya ce murmushin tsohon ya so a gani. Injiniya ya yi bayani cewa farin yadi mai yawa kan ruɗi ma'aunin hasken kyamara ta rage haske, baƙar fata ta ƙara duhu, ga kuma ranar tsaka ta Kano da ke dukan mutum daga tsakiyar ka. Gyaran da aka ba shi ɗaya ne: ya matsar da Alhaji inuwar katanga. Da ya dawo da na biyun a Disamba, sai ga ido, ga aikin wuyan rigar ma ya fito zare-zare.

A zaman Disambar ne kuma ɗalibar Gwammaja ta kawo hoton gari daga saman Dala cikin hazon hunturu, komai fari-fari, rufin gidaje na narkewa cikin ƙura. A tsarin maki da ba za ta wuce uku ba. Shida cikin bakwai suka ce idonsu ya sauka kan wata hasumiya guda da ta huda hazon. Ta ce ita ce ta tsayar da ita, hazon kuma shi ta hau dutsen ta ɗauka. Ba a ba ta gyaran komai ba. A nan dattijo ya tuna hoton mabugan da aka goge, ya ce wa telan ya so a ce yana nan a sake kallonsa.

Ba kowane zama ne ya tafi sumul ba. Wani ya kawo hoton ƙanwarsa da ya gyara a waya har fatarta ta yi fari ta yi santsi kamar roba. Yaron nan ɗan shekara 19, wanda ya dawo a ƙarshen Satumba, shi ya fara magana. Ya ce idonsa ya sauka kan wuyanta, domin launinsa daban da na fuskar. Mai hoton ya ce ai ita ta ce a haskaka ta. Aka yi ta ja, wasu na cewa mai hoto ya bi son wanda ya ɗauka, wasu na cewa wannan ba ita ba ce kuma. Magariba ce ta raba. Haka wani ya kawo hoton almajiri yana barci a bakin wata rumfa, hoto mai kyau ta kowace fuska, sai ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko yaron ya san an ɗauke shi, ko malaminsa ya sani. Daga ranar aka ƙara tambayar izini a kan duk hoton da fuskar mutum ta fito.

Ita ma'aikaciyar jinyar a Janairu ta dawo, kuma hoton kakarta ta kawo, wanda aka ba huɗu. Biyar cikin takwas suka ce yatsun tsohuwar a kan zare suka fara gani. Ta ce su ne. Injiniya, da ya zo ƙarshe, ya ɗauki takarda biyu ya rufe ƙasan hoton da gefen da bokitin yake, ya ce, "Anti, in aka yanke nan da nan, ba abin da zai rage sai ita da zarenta." Ta karɓi hoton da takardun a kai ta daɗe tana kallo.

Shi kuwa telan, gyaran da ya ɗauka a Nuwamba shi ne ya je inda ake kilisa da yamma ya yi ta gwaji a kan doki mai gudu, a irin hasken da ya kayar da shi. Ya je sau tara kafin azumi. Ya gano cewa in rana ta yi ƙasa sai ya ɗaga ISO zuwa 1600 kafin 1/1000 ta samu, hoton ya ɗan yi tsakuwa-tsakuwa amma doki ya tsaya. Ya kuma koyi bin doki da kyamara a ƙaramin sauri da gangan, mahayi ya fito, baya ya zama zane.

Sakamako (Afrilu 2024)

Sallah ta kama Laraba, 10 ga Afrilu. A Hawan Daushe telan ya ari dogon lensi wurin injiniya, ya ɗauki 160, ƙasa da rabin na bara. Yaron nan ya sake hawa. An wanke hotonsa inci 12 da 16, ana iya ƙirga tufkar linzami, kuma yana rataye a falon mahaifinsa. Wanda telan ya kawo zaman ƙarshen wata kuwa wani ne daban: ƙafafun dogarai cikin ja da kore, an yanke su daga gwiwa, ƙura na tashi. Launinsa ya dawo.

A lokacin ƙungiya na da mutum 19, masu zuwa zama 12 zuwa 14. Biyu cikin mata huɗun da suka janye sun dawo. Maza biyun da suka fice ba su dawo ba. Cikin hotuna 58 da aka ba wa gyara daga Oktoba zuwa Fabrairu, an dawo da 41 da aka sake ɗauka ko aka sake yankewa.

Abin da ya sa wannan ya yi, waɗancan ba su yi ba

A ganina yabon wata biyar ɗin nan shi ya fi cutarwa, duk da shi ya fi daɗi, kuma dukkanmu muna da hannu a ciki. Mun kira shi kara, amma wanda aka yi wa karar shi ya je ya ji kunya a gaban mai ɗinkinsa.

Makin injiniya bai faɗi don ƙarya yake ba. Ya faɗi ne domin yana auna kowane hoto da mudu ɗaya ba tare da an tambayi mai shi me ya je nema ba. Dishi-dishin da ya ɓata dokin Ƙofar Kudu shi ne ya raya sandunan mabuga, kuma babu ma'aunin da zai raba maka su biyun sai bakin wanda ya ɗauka. Aibu biyar a lokaci guda kuma ba ya nuna wa mutum inda zai sa ƙafa gobe. Ɓoye suna kuwa ya so ya kawar da girma da kunya daga tsakaninmu, abin da ba ya kawuwa a Kano. Tsarin dattijo bai yi faɗa da su ba, wuri ya ba su. Yaro ba zai ce wa babba hotonka bai yi ba, amma zai iya cewa "Baba, ni idona nan ya sauka" ba tare da ya yi rashin kunya ba, domin labarin idonsa yake bayarwa. Sa shi ya riga manya magana shi ya sa labarin ya zama nasa na gaskiya. Wanke hoto a takarda ya hana gaggawar yatsa, ya kuma fitar da abin da fuskar waya ke ɓoyewa, wanda shi ne asalin abin da ya sami telan.

Tsarin na da iyaka, kuma ina ganinta. Ba ya ɗaukar mutum da yawa. Tabarma ta uku da aka gwada sau ɗaya ta rasa wanda zai riƙe ta, ta koma hira. Kuɗin wanke hoto ya tashi har ɗalibai biyu suka koma kawo nasu a waya, aka yi musu uzuri. Zaman la'asar na yi wa wasu matan wuya, musamman masu zuwa daga nesa da ke son komawa kafin magariba, kuma har yanzu ba a sami lokacin da ya dace da kowa ba. Yana kuma jingine ƙwarai da mutum ɗaya: a watan Fabrairu da dattijo bai zo ba saboda rashin lafiya, sau uku aka tsallake ƙananan, manya suka riga su magana. Maganar haskaka fata ma tana nan ba a warware ba. Mai hoton ƙanwar nan ya dawo da na biyu da bai taɓa launinta ba, zama ya fi son sa, ita kuwa ta ce na farkon za ta ajiye.